Karen Rami Da Karen Dandali

A ƙasar Birtaniya akwai wasu 'yan ƙananan karnuka da ake kira teriya. Sunan ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin ƙasa, watau turɓaya, gama aikin da aka raine su dominsa ke nan: su kutsa rami su tarar da yanyawar Turai a ɗakinta, su dame ta da haushi har ta gaji ta fito, ko kuwa su tsare ta wuri guda har maigidansu ya haƙo ya cim musu. Yau shekara fiye da 150 ke nan Turawa na jayayya a kan waɗannan karnuka, ɓangare guda masu kai su gasar nuni, ɗaya ɓangaren masu kai su daji. Mun ga ya kamata mu tsoma baki, ko da za a ce mana shiga sharo ba shanu. Laifin masu gasar nuni a fili yake, za mu kuwa faɗe shi. Amma kukanmu ya fi yawa a kan mutanen daji, waɗanda suka kafa tasu gasar don su tsere wa cutar, suka kuma ɗauko ta a cikin kayansu.

An yi gasar nunin karnuka ta farko a garin Newcastle cikin 1859. A 1873 aka kafa ƙungiyar Kennel Club, ta buɗe kundin nasaba, ta shiga tattara ƙa'idojin kamanni: tsawon kai kaza, kwanciyar kunne kaza, launi kaza. A 1891 wani mutum mai suna Charles Cruft, wanda ya yi sunansa wajen tallar biskit na karnuka, ya buɗe babbar gasar da har yanzu ake kira da sunansa. Mai karatu ya lura da sana'ar wannan mutum, don ita ce ta nuna inda aka dosa tun daga farko.

Cikin waɗanda suka shiga Kennel Club tun tana jaririya har da wani limamin coci na lardin Devon, John Russell, wanda ya rayu daga 1795 zuwa 1883. Tun yana ɗalibi a Oxford ya sayi wata farar karya mai suna Trump daga hannun mai tallar madara, daga gare ta ya tayar da irin karnukansa. Ya yi alƙalanci a gasa, amma bai yarda ya kai nasa karnukan a yi musu hukunci a dandali ba. Dattijon ya san abin da yake gudu. Farin teriya na zamaninsa, wanda ake kira teriyan yanyawa, shi ne ya faɗa hannun masu gasa. Suka ja masa kai ya yi tsawo, suka miƙar da ƙafafunsa kamar sanda, suka zurfafa masa ƙirji. Ya yi kyau ƙwarai: mai kaushin gashi daga cikinsu ya ci babbar gasar Westminster ta Amurka sau 15, abin da babu wani irin kare da ya taɓa yi. Sai dai ramin yanyawa bai ƙara faɗi ba don ya faranta wa alƙalai. Karen da ke ɗauke da sunan yanyawa ya wayi gari da ƙyar zai bi ta cikin raminta, mafarauta kuwa suka juya masa baya tun tuni.

Sauran ma haka. Teriyan Yorkshire, mai kashe ɓeraye a masaƙu, ya koma abin ɗaura wa ƙyalle a goshi, an kuma ƙayyade kada nauyinsa ya wuce kilo 3.2. Teriyan Sealyham na ƙasar Wales, wanda aka tayar don fuskantar dagen Turai a rami, ya yi nauyi, ya yi gashi, ya rasa aiki, kana ya rasa masu so: 'ya'ya 43 kacal aka yi wa rajista a 2008, ko da yake wani daga cikinsu ya ci gasar Crufts a shekarar da ta biyo.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar fahimta, ɗaliban aikin dabbobi ma sun fi mu saninsa. Idan aka rufe kundin nasaba, babu sauran sabon jini da zai shigo. Idan namiji guda ya ci gasa, kowa sai ya kai masa tasa karyar, cikin 'yan shekaru rabin irin ya zama jikokinsa, duk wata cuta da yake ɓoye da ita ta bazu tare da kyansa. Alƙali kuwa abin da ya fi fitowa fili shi yake saka wa lada, sabo da haka mai dogon kai bana sai ya sha kaye a hannun wanda ya fi shi dogon kai baɗi. A 2008 gidan talabijin na BBC ya nuna wani shiri da ya tona wannan asiri, jama'a suka ga karnuka masu farfaɗiya da masu kasa numfashi da masu jan ƙafa, wasunsu da lambobin yabo. BBC ta daina nuna gasar Crufts daga 2009. A shekarar ce Kennel Club ta gyara ƙa'idojinta, ta kuma hana rajistar 'ya'yan da aka samu tsakanin uba da 'ya, ko uwa da ɗa, ko wa da ƙanwa. Ashe sai da aka shekara 136 kafin a gane wannan!

Masu kare ƙungiyar sukan ce ba don ita ba da irin karnuka da yawa sun ɓace, kuma yawancin masu kare a yau abokin zama suke nema. Na biyun gaskiya ne, ba mu da ja. Amma abokin zama ma yana bukatar huhu da ƙashi masu lafiya. Na farkon kuwa, suna aka adana da hoto, aikin da ya haifi sunan an bar shi ya mutu.

To, mu koma ga mutanen daji. Su ma suna da tasu gasar, wadda akan yi da bazara a filayen bajekolin manoma da tarukan mafarauta, musamman a tuddan arewacin Ingila. Lalle akwai abin yabo a cikinta. Alƙalin yawanci mutum ne mai aiki da karnuka, ba ya neman takardar nasaba. Yakan ɗaga kare ya zagaye ƙirjinsa da hannu biyu daga bayan kafaɗu. In yatsunsa suka haɗu, karen zai iya bin yanyawa, in ba su haɗu ba, an gama magana. Yakan damƙi fata ya ji kaurinta, ya shafa gashi ya ga ko zai tare ruwa da sanyi, ya buɗe baki ya duba haƙora. Wannan awo ne mai dalili, kowane ɓangarensa yana da amsa a cikin rami.

Amma abin da ya mai da teriya teriya ba ya awuwa da hannu. Hanci, da murya, da juriya, da hankalin da zai sa kare ya tsaya gab da dabba cikin duhu ba tare da ya jefa kansa halaka ba, ina alƙali zai gan su a kan ciyawa da rana tsaka? Abin da yake gani shi ne siffa, siffa kuwa ita ce jarin Kennel Club. Da zarar lambar ƙyalle ta fara ƙara wa 'ya'yan kare kuɗi, sai a sami masu yawo daga gasa zuwa gasa duk tsawon bazara da karnukan da ba su taɓa shaƙar ƙurar rami ba. Sai a fara son babban kai don yana ɗaukar ido, a fara sassauta awon ƙirji, alƙali mai manyan hannuwa ya zama abin nema. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago. Bambancin da ya rage shi ne ɗaya yana sanye da kwat, ɗaya da takalmin taɓo.

Akwai ma abin da ya fi wannan muni, shi ne bautar tabo. Tun da ba a iya ganin aiki a dandali, wasu sun ɗauki tabon fuska a matsayin shaidar aiki, har kare mai yagaggen leɓe ya zama abin alfahari. Wannan jahilci ne da rashin tausayi a haɗe. John Russell kansa karen da zai koro yanyawa da ranta yake so. Karen da ke afka wa dabba a rami ba ya haushi balle a san inda yake, yana kuma shafe makonni yana jinya maimakon aiki. Daɗin daɗawa, mummunan rauni a haɓa sau da yawa alama ce ta karo da dage, alhali doka ta hana taɓa dage da raminsa tun 1992. Wanda ya ba irin wannan tabo lada, ya ba karya doka lada ne, ya kuma miƙa wa masu neman a hana aikin baki ɗaya sandar da za su doke shi.

Aikin ma ya ƙuntata. Dokar farauta ta 2004, wadda ta fara aiki a Ingila da Wales a Fabrairun 2005, ta bar kafa ƙanƙanuwa: kare ɗaya tak a rami, don kare tsuntsayen da ake kiwo domin harbi, da izinin mai ƙasa a rubuce, kuma a harbe yanyawar da zarar ta fito. Ko ya dace a ci gaba da wannan ko bai dace ba, muhawara ce dabam. Abin da ya dame mu shi ne lissafi: in ramuka sun ragu gasa ba ta ragu ba, karnukan da ke cin lambar "karen aiki" a wane aiki suka same ta? Ɓeraye dai ba su ƙare a gonaki ba, babu kuma dokar da ta hana kare kama su da yardar mai gona. Mai son ya gwada karensa yana da inda zai gwada.

Hanyar gyara ba ɓoyayya ba ce. A shekarar da aka kafa Kennel Club, 1873, aka yi gwajin karnukan kiwon tumaki na farko da ya shahara a Bala ta ƙasar Wales, inda tumaki ne alƙalai. Ƙungiyar masu waɗannan karnuka, wadda aka kafa a 1906, takan karɓi kare marar nasaba cikin kundinta in ya nuna gwaninta a gaban masu dubawa. Ƙungiyar masu karen Jack Russell ta Amurka, ta 1976, ba ta yi wa kare rajista sai ya cika shekara guda, likita ya duba shi, kuma ajinta mafi daraja ba ya shiguwa sai ga karen da alƙali ya bi shi daji ya ga aikinsa da ido. Duk gasar da ke kiran kanta ta karnukan aiki, in ba ta da irin wannan sharaɗi, to ta sauke sunan. Takwararta ta Birtaniya, ta 1974, ta yi ta faɗa kada Kennel Club ta karɓe irin, amma an karɓi masu dogayen ƙafafu a 1990, aka karɓi sauran a 2016, da sunan mutumin da ya ƙi kai nasa dandali.

Wanda ke tambaya me ya haɗa mu da karnukan Turawa, sai ya dubi kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali. Siririn karen Buzaye na can, mai gadin zango da korar zomo da barewa, an fara kai shi Turai cikin shekarun 1970, Faransawa suka rubuta masa ƙa'ida, babbar ƙungiyar karnuka ta Amurka ta karɓe shi cikin gasarta a 2019. Ƙa'idar da ake bi a Turai ta tsaya a kan launin ja-ja da na rairayi, da ratsi ko babu, ta kuma ƙayyade inda fari zai tsaya a jiki. A zangon makiyaya kuwa ana haifar su da launuka fiye da haka. Karen da ya ciyar da gida da nama shekara biyar a Azawak, in aka kai shi gaban alƙali a Faransa, launin gashinsa kaɗai ya isa a sallame shi.