Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Fatar Gidajenmu a Finafinan Zane

Yaranmu na zango, daga Nima da Sabon Zango a Akra har zuwa Kumasi da Tamale, sun fara kama sana'ar zane mai motsi da kwamfuta, kuma abin a yaba ne. Manhajar Blender da yawancinsu ke aiki da ita kyauta ce tun shekarar 2002. Da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar a 2025. Saboda haka batun kayan aiki ya zo da sauƙi. Inda gizo ke saƙa shi ne abin da ake lulluɓe zanen da shi, wanda zan kira fata a wannan rubutu.

Duk abin da aka gina a manhajar, ko bango ne ko riga ko ƙwarya, da farko siffa ce kawai mai launin toka. Fata ce ke sa ido ya gane wannan laka ce, wancan kuma fatar akuya ce da aka jeme. Fata ɗaya takan ƙunshi hotuna uku ko huɗu da aka jera kan juna: na launi, na kaushi da santsi, wanda ke faɗa wa haske inda zai yi ƙyalli da inda zai mutu, sai na tudu da kwari, wanda ke fito da tsaga da gurbin yatsa.

Mai koyo yakan nufi rumbunan intanet ya ɗebo. Poly Haven da ambientCG suna bayarwa kyauta, ba tare da wani sharaɗi ba. Substance, da kamfanin Adobe ya saya a 2019, sai da kuɗi. Megascans kuwa, da Epic Games ya saya a wannan shekarar, an sake shi ga masu aiki da Unreal Engine na wasu shekaru, daga baya aka mayar da shi kasuwar Fab aka sa wa yawancin kayansa farashi. A waɗannan rumbuna za ka sami jan bulo iri-iri, da katakon dazukan Turai, da daɓen marmara, da ƙanƙara. Nemi bangon tubali da aka shafe da makuba, ko saƙi, ko faifai, ko tabarmar kaba, ko huhun goro, ka ga yadda za ka dawo hannu rabbana. Waɗanda suka tara kayan sun ɗauki hoton abin da ke ƙofar gidajensu ne, kuma babu laifi a kansu.

Sakamakon shi ne yaro ya zana malam zaune a zaure, amma bangon na wani ƙauyen Italiya ne, rigar kuma yadin labule ce da aka rina shuɗi. Ana iya cewa wannan ƙaramin abu ne, labari shi ne gaba. Ni ban ɗauke shi ƙarami ba. Turkuɗi yana da wani ƙyalli mai kama da na ƙarfe, wanda ba daga baba kaɗai yake zuwa ba. Daga dukan mabuga yake zuwa, da suke ta bugun yadin a kan gungume har ya ɗauki sheƙi. Makuba, da ake haɗawa daga kwasfar ɗorawa, tana ba bango wani duhun ja da taurin da ke kore ruwan sama. Aska takwas a ƙirjin babbar riga tana da tudu, domin zare ne aka tara da allura. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ilimi ne na masu sana'a. Idan aka musanya ta da fatar aro, ilimin ya fita daga hoton, ya bar suna kawai.

Mu da muke zaune nesa da Kano da Damagaram abin ya fi shafarmu. Ɗan Kano yana iya zuwa marinar Ƙofar Mata ya gani da idonsa. Jikan fatake da aka haifa a Kumasi, wataƙila a allon waya zai fara ganin gidan kakanninsa, kuma abin da ya gani shi zai ɗauka gaskiya. Ban da haka, zango yana da tasa fatar: kwanon rufi da tsatsa ta ci saboda yawan ruwan kudu, bangon siminti mai fenti kore da ya fara ɓarewa, allon makaranta da wanki ya dusashe, jan goro da farinsa a kan ganye. Fataucin goro ne ya zaunar da kakanninmu a ƙasar Asante, amma da wuya ka sami rumbun da zai ba ka fatar goron sai ka yi da kanka.

Yin ta kuma bai fi ƙarfinmu ba. Wayar hannu mai kyamara mai kyau ta isa a fara. A ɗauki hoton a inuwa, ko ranar da hadari ya rufe rana, ko lokacin hazo, domin inuwa mai ƙarfi idan ta shiga hoto ba ta fita. A tsaya daidai gaban abin, kada a karkace, a ajiye ma'auni a gefe don a san girmansa. Sai a gyara gefunan a GIMP ko Krita yadda idan an jera hoton ba za a ga mahaɗi ba. Hotunan kaushi da na tudu ana iya fitar da su da Materialize, ko a gina su a Material Maker, dukansu kyauta ne. Faɗin ɗigo 2048 ya wadatar, kuma ba zai shaƙe ƙaramar kwamfuta ba.

Akwai masu cewa ƙirƙirarriyar basira ta rage wannan wahala, ka rubuta abin da kake so ta zana maka. Ita ma daga hotunan da ke intanet ta koya, namu kuwa kaɗan ne a can. Abin da za ta ba ka shi ne cakuɗen Maroko da Mali da Masar, da sunan gidan Bahaushe. Sai mun zuba na gaskiya sannan za ta san na gaskiya.

Damuwar da ta fi wannan nauyi ita ce ta mallaka. Idan muka saki zanen masaƙi ko na baduku kyauta, wani kamfani yana iya ɗauka ya ci riba, mai sana'ar bai ga ko sisi ba. Wannan gaskiya ce, kuma maganinta rarrabewa. Laka da tsatsa da kaba ba na kowa ba ne, a sake su ga duniya. Aikin hannun mutum kuwa, sai an nemi izininsa, an biya shi, an rubuta sunansa da garinsa a jikin fayil ɗin, an kuma sa sharaɗin ambatonsa. Rubutun allo da duk abin da ya ƙunshi ayoyi a bar shi gefe, domin fata tana iya ƙarewa a daɓen wani wasan kwamfuta ana takawa.

Abin da nake kira gare shi ba ya bukatar gwamnati. Ƙungiyoyin matasan zango da ke shirya wasan sallah da gasar ƙwallo suna iya ware Asabar ɗaya a wata, su zaga da waya wurin maɗinka da dukawa da masu goro, su tara abin da suka ɗauka a wuri guda da sunayensa na Hausa. 'Yan'uwanmu na Yawunde da Garwa da Njamena su yi nasu, a haɗa. Tsofaffin masu sana'a suna raguwa, tsofaffin gine-gine kuma ana rushe su ana dasa bene. Bangon da ba a ɗauki hotonsa bana ba, baɗi sai dai a ba da labarinsa.