Malanville: ƙarfen da ake ƙara wa gaban mota, wa yake karewa?

Babbar hanyar RNIE 2 da ta taso daga Kwatano tana ratsa tsakiyar Malanville kafin ta kai gadar Gaya. A gefenta 'yan kasuwa, 'yan talla da 'yan makaranta ke tafiya, kafaɗa da kafaɗa da motoci.

Da yawa daga cikin motocin nan kwancen Turai ne. Tun 2005 Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin samfura gaba mai lotsewa: bamba, murfin inji da mazaunin fitila su sha bugun maimakon ƙafa da kan mutum. Ana gwada bambar a gudun kilomita 40 a sa'a.

Sai dai idan motar ta iso nan, wasu masu ita kan kai ta wurin mai walda a ɗaura mata ƙarfe don kare fitila da lagireto. Motar ta tsira, amma wanda aka buge shi ke shan dukkan ƙarfin karon, kuma yaro a kai ko ƙirji yake samunsa.

Hukumar CNSR ce ke binciken lafiyar motoci a Benin. Ya kamata ta riƙa duba wannan ƙarfe kamar yadda take duba birki da fitila.