Tafkin da ke Bisa Kan Dutse

Wani malami ya rubuto wa shafin nan, ya ce hawan dutse ba da wata bukata ba aikin wanda ya ƙoshi ne. Allah ya ba malam haƙuri, ni dai ban yarda ba, ga kuwa dalilina.

A jihar Oregon ta ƙasar Amurka akwai wani tafki da Turawa ke ce wa Crater Lake, na kuwa je na gan shi a 2023. Asalinsa dutse ne mai aman wuta, ya yi amai kimanin shekara 7,700 da suka wuce har kansa ya rufta, ruwan sama da na ƙanƙara suka cika ramin. Zurfinsa ƙafa 1,943, duk Amurka ba tafkin da ya kai shi. Kogi ba ya shiga, ba ya fita, saboda haka ruwan garau ya ke, shuɗinsa kuwa sai ka ce rigar da ta fito daga karofi.

An kewaye bakin dutsen da hanyar mota mil 33, amma mai mota daga sama kaɗai ya ke leƙe. Turba guda aka yarda a bi zuwa bakin ruwa, mil ɗaya da 'yan kai, gangaren ƙafa 700. Sauka wasa ce. Wajen hawa ne akawu ke sanin abin da kujerar ofis ta yi wa gwiwoyinsa, ga iskar can sama ba ta cika ƙirji.

To, malam, ga inda maganar ta ke. Mutanen Klamath sun san tafkin tun kaka da kakanni, suna girmama shi. Amma wanda ya sa doka ta tsare shi wani mai yawon duwatsu ne, William Steel. Ya isa bakinsa a 1885, ya shekara 17 yana kai kuka ga hukuma, masu tumaki da masu haƙar ma'adinai suna ja da shi, har Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu a 1902, wurin ya zama gandun ƙasa. Wanda bai sha wuyar zuwa ba, yaya zai yi wannan naci? Ko da ya ke ban wanke shi sarai ba, gama shi ne ya zuba kifi a 1888 cikin ruwan da Allah bai sa wa kifi ba.

Mai niyya ya nufi Yuli zuwa Satumba, don ƙanƙara kan toshe yawancin hanyoyin sauran shekara. Ya kuma tambaya tukuna, gama hukumar gandun ta ba da sanarwar rufe turbar nan daga 2026 saboda gyara. Sai wani mako.