Mushe a Kan Hanya, Wa Ke Da Alhakinsa?

Ina so in yi magana a kan mushen da a kan tarar a hanyoyin ƙasar Zuru, ko ta wajen Dabai da Mahuta, ko ta Rijau zuwa Kwantagora. Mota ta banke jaki ko saniya, ko dabba ta faɗi daga garke, sai a bar ta kwana da kwanaki, kowa ya toshe hanci ya wuce. Dā ungulu kan ɗauke mana wannan nauyi, amma yanzu ungulun sun yi ƙaranci.

Malamai sun san hukuncin cin mushe a aya ta 3 ta Suratul Ma'ida, ba sai na tsawaita ba. Abin da ya kamata a ƙara jaddadawa a wurin karatu shi ne fata. Risala ta Ibn Abi Zaid ta yarda a yi amfani da fatar mushe in an jeme ta, amma ta hana sayar da ita, ta hana salla a kanta. To, wanda ya feɗe saniyar da ya tsinta, ya cusa ƙirginta cikin kayan da za a kai Kudu inda a ke cin ganda, da wace hujja zai kare kansa?

Ga kuma maganar likitocin dabbobi. Akwai ciwon saifa, mai kashe dabba farat ɗaya. Alamarsa, cikin ya kumbura da wuri, baƙin jini wanda ba ya daskarewa ya fito ta hanci da baki da dubura. Muddin ba a farke mushen ba, yawancin ƙwayoyin cutar kan mutu cikin ruɓa. Da zarar wuƙa ta buɗe shi iska ta shiga, sai su yi wa kansu ɓawo, su zauna cikin ƙasa shekaru da dama suna jiran dabbar da za ta yi kiwo a wurin. Mai fiɗa kuwa ya kan sami gyambo mai baƙin tsakiya a hannu, wanda ya ci naman yana iya rasa ransa. An tabbatar da ciwon nan a Suleja a Yulin 2023, aka kuma tabbatar da shi a Zamfara a Janairun 2025. Jihohin nan biyu, Neja da Zamfara, duka maƙwabtanmu ne, shanunsu da namu kasuwa ɗaya su ke ci.

Saboda haka wanda ya fara gani kada ya taɓa. Ya gaya wa mai unguwa ko dagaci, su kuma su kirawo malamin dabbobi da duba-gari na ƙaramar hukuma. Kafin su iso a rufe mushen da ƙaya don karnuka, a kori yara, a sa rassa a kan hanya don direban dare ya lura. In likita ya ba da izini, a ƙone shi ƙurmus, ko a haƙa rami mita 2, watau ya zarce tsayin mutum, nesa da rijiya da rafi. Masu aikin su rufe hannuwansu, su wanke da sabulu.

A ganina laifin hukuma a nan shi ne talaka bai san ƙofar da zai buga ba, yana kuma tsoron a ce shi ya kashe dabbar. Ya kamata hakimai su sa a yi shela ran kasuwa, a faɗa a masallatai da coci-coci, da Hausa da Dakarci, cewa mai kawo labari ba za a riƙe shi ba, a kuma ambaci sunan ma'aikacin da za a nema a kowace gunduma.