Ma'aunin Talauci na Jami'ar Oksfod da Abin da Ya Ɗora Mana

Shekara da shekaru, idan masana tattalin arziki suka tashi ƙidayar matalauta, abin da suke dubawa shi ne kuɗin da mutum yake kashewa a rana. Bankin Duniya ya tsayar da iyakar a dala 3 tun 2025. A nawa ganin wannan ma'auni gurgu ne, domin magidanci yana iya haye iyakar alhali 'ya'yansa ba sa zuwa makaranta, ruwan da iyalinsa ke sha kuwa daga kududdufi ake ɗebo shi.

Wannan giɓi ne cibiyar OPHI ta ɗauki aniyar cikewa. An kafa ta a Jami'ar Oksford ta Ingila a 2007, ƙarƙashin jagorancin Sabina Alkire, domin nazarin talauci da ci gaban ɗan Adam. Tushen aikinta tunanin Amartya Sen ne, wanda yake ganin talauci a matsayin rashin ikon yin irin rayuwar da mutum yake daraja. Alkire da James Foster suka tsara hanyar lissafi, sannan a 2010 cibiyar da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fito da ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa. Fuskokin uku ne, wato lafiya da ilimi da halin zaman gida, an kuma kasa su cikin alamomi 10: abinci mai gina jiki, mutuwar yara, shekarun karatu, halartar makaranta, makamashin girki, makewayi, ruwan sha, lantarki, muhalli da kadarori. Duk gidan da rashinsa ya kai sulusin nauyin alamomin, an ƙidaya shi cikin matalauta.

Fifikon wannan ma'auni shi ne yana ambatar ciwon da sunansa, daga nan kuma a san ma'aikatar da ke da alhakin maganinsa. A Nuwamba 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya, tare da taimakon wannan cibiya, ta bayyana cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan ƙasa, suna cikin irin wannan talauci, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Masu suka sukan ce zaɓen alamomin da nauyin da aka ba kowace ra'ayi ne na masu bincike, kuma ma'aunin na duniya bai ƙidaya rashin tsaro ba. Maganarsu tana kan hanya. Sai dai tsarin ya bar wa kowace ƙasa damar gyara shi daidai da halinta. Shi ya sa Nijeriya ta ƙara fuska ta huɗu, ta aikin yi da masifun da ke afka wa gida, alamominta suka kai 15.

Saboda haka, ya malamai da 'yan'uwa ɗalibai, kada mu bari waɗannan alkaluma su ƙare a kantar laburare. Duk kasafin kuɗin da gwamnatin jiha ta gabatar, mu aza shi a kan wannan sikeli, mu tambaya: yara nawa zai mayar aji, gidaje nawa zai kai wa ruwa mai tsabta? Cibiyar ta yi nata aikin na aunawa. Tuhumar masu mulki da abin da aka auna, wannan namu ne. Allah ya sa mu dace.