Dariyar masu madubi da likitocin allon bakin titi

Akwai wata tsohuwar ba'a da ta zagaya asibitocin duniya. Ana cewa likitan cututtukan cikin jiki ya san kome amma ba ya yin kome, likitan fiɗa bai san kome ba amma yana yin kome, shi kuwa mai binciken tsoka ya san kome, sai dai kullum a makare, bayan an yi wa maras lafiya sutura. Masu wannan fanni, wanda ma'aikatan asibiti ke kira anapat, su ne kan gaba wajen maimaita ta. Sukan ƙara da cewa duniyarsu launi biyu ce, ja-ja da shuɗi, kuma ranar da talauci ya ishe su za su jingine madubin likita su koma gyaran fuskar matan manya.

Ɗan kasuwar da ya kai matarsa asibiti da ƙullutu a mama yana ganin likitan fiɗa, yana ganin mai ba da magani, amma bai taɓa ganin wanda ya yanke hukunci ba. Ɗan naman da aka yanko ana jefa shi cikin ruwan formol, a daskarar da shi cikin kaki, a yanka shi sala-sala, kowane yanki bai wuce kashi 4 ko 5 cikin dubu na milimita ba, a rina shi, a shimfiɗa bisa ɗan gilashi. Daga nan mutum ɗaya zai duƙa a kan madubi ya ce sankara ce ko ba ita ba ce. Da kalmarsa ake cire mama ko a bar ta, da ita iyali ke sayar da gona ko su koma gida da godiya ga Allah.

Aikin ba duba ba ne, kuma ko gwanayensa sun san iyakarsa. A shekarar 1887 aka kai wa Rudolf Virchow, uban wannan ilimi a Jamus, ɗan naman da aka ciro daga maƙogwaron yarima mai jiran gado, Frederick. Ya duba, bai ga sankara ba. Yarima ya hau gadon sarauta a watan Maris na 1888, ya yi kwana 99, sankarar maƙogwaro ta kashe shi. Madubi ba ya faɗin abin da ba ya cikin yankin da aka ba shi. Saboda haka mai anapat na kirki yakan rubuta cewa naman bai isa ba, a sake ciro wani, ko da masu jinya za su yi gunaguni.

To, wa ke son wannan aiki? Mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta a 2018 cewa a Afirka kudu da Sahara, mai binciken tsoka ɗaya ne ke kula da mutum wajen miliyan guda. A Nijar, rajistar masu sankara da aka buɗe a 1992 ta tsaya ne bisa ɗakin binciken tsoka na jami'ar Yamai, kuma sai a 2021 aka fara gasa sankara da na'ura a babban birnin. Na'urar ba ta da amfani ga wanda ba a tantance cutarsa ba. Duk inda babu mai madubi, sai kwalba ta hau mota, kuma daga Damagaram zuwa Yamai kilomita kusan 900 ne. Cuta kuwa ba ta jiran sakamako.

Matashin da ya gama shekaru bakwai ko takwas na likitanci yana iya lissafi. Zai ƙara wasu shekaru ya ƙware, ya zauna cikin warin formol da albashin gwamnati, babu mai jinyar da zai san sunansa balle ya kawo masa rago da salla. Ko kuwa ya kama shago, ya kafa allo. Tun da Amurka ta halatta allurar Botox don goge tamoji a 2002, gyaran fata ya zama rijiyar kuɗi ga likitocin ƙasashe da dama. A wannan yanki kasuwar ta man shafe-shafe ce, mai haɗe da sinadaran da ke sirantar da fata, su jawo hawan jini da ciwon sukari, har ƙasar Kodibuwa ta hana su a 2015. Likitan da ya koma sayar da hasken fata bai karya alƙawarinsa shi kaɗai ba: da kuɗin talakawa aka karantar da shi.

Allon kansa wani abin dariya ne. Kwas na mako biyu a wani otel na waje yakan dawo gida ya zama ƙwarewa, takardar halartar taro ta shiga firam a bango, Dokta ya wayi gari Farfesa. Alhali hanyar a fili take. A Yamai aka kafa hukumar CAMES a 1968, kuma gasarta ta agregasiyo ce ƙofar da malaman likitanci ke bi kafin su kai wannan matsayi. Wanda ke ganin zancen takardun bogi ƙari ne, ya tuna da ɗan jaridar Najeriya da ya bayyana a ƙarshen 2023 yadda ya sayo digiri daga Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa ƙasarsa ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a farkon 2024. A harkar lissafin kuɗi irin wannan takarda asara take jawowa. A asibiti kuwa gawa.

Gyaran bai fi ƙarfin hukuma ba. Ƙungiyar Ordre ta likitoci tana da sunan kowane likita da fanninsa. Sai a buga jerin, a liƙa shi a ƙofar kowace ma'aikatar lafiya ta jiha, yadda mai shago a Maraɗi ko malamin makaranta a Tawa zai gwada abin da allo ya ce da abin da rajista ta ce. Ma'aikatar lafiya kuma ta ware guraben karatu na anapat da alawus na musamman, bisa sharaɗin yin wasu shekaru a asibitocin jihohi, tare da formol da gilashi da mai gyaran na'urar yanka idan ta lalace.