A Karkata Bututu, A Bar Mana Fadama

'Yan'uwa manoma na Wurno da Rabah da Goronyo: Maganarmu a wannan fitowa a kan bututun iskar gas ce, da abin da ya wajaba ƙungiyoyinmu na gama kai su yi tun ma'auna ba su iso bakin gonakinmu ba.

Ran 30 ga Yuni 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin bututun AKK, wato daga Ajaokuta zuwa Kaduna har Kano, tsawon kilomita 614. Wannan bututu bai biyo ta ƙasarmu ba, amma irin waɗannan manyan ayyuka suna ta matso mu. A arewa da mu, bututun ɗanyen mai na Nijar ya ratsa jihohin Maraɗi da Tawa da Doso ya nufi bakin teku a ƙasar Benin, aka soma tura mai ta cikinsa a 2024. A 2024 ɗin kuma aka ƙaddamar da babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, wadda ta faro daga Illela. Ko bututu ko hanya, tafiyarsu ɗaya ce: a auna, a kafa turaku, a karɓi ƙasa.

Ba mu ƙin aikin ci gaba. Da iskar gas ake yin takin yuriya da muke zubawa a shinkafa, da ita kuma ake samun wutar lantarki. Ra'ayinmu shi ne, duk inda layi ya nufi fadama, a karkata shi ya bi tudu. Lokacin faɗin haka kuwa shi ne sa'ad da layin yake bisa takarda, gama tun ran gini ran zane.

Me ya sa muka dage a kan fadama? Sai mu duba doka. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna. Yana da iko ya karɓe gona domin amfanin jama'a, shimfiɗa bututu kuwa yana cikin abubuwan da dokar ta ambata. Diyyar da ake biya ta abin da ke bisa ƙasa ce, kamar shuka da itatuwa da gini. Ba a biyan kuɗin ƙasar kanta. To, mutumin da ke cire shinkafa da damina, ya cire albasa ko tafarnuwa da rani a eka guda ta bakin Gulbin Rima, za a ƙimanta masa shukar da aka tarar ran awo, a biya shi sau ɗaya. Ban da wannan, bututu binne shi ake yi. Sai an yi rami mai zurfi, manyan injuna su danne ƙasa, a yanke magudanan ruwa, a birkice ƙasar sama da ta ƙasa. Bayan an gama ba a yarda a yi gini ko a dasa itace ko a haƙa rijiya a kan layin ba. Gonar gero a tudu takan farfaɗo da wuri. Fadamar da aka ɓata mata hanyar ruwa takan daɗe ba ta koma daidai ba.

Mun ga ƙarshen barin magana sai an makara. An gama madatsar Bakolori a 1978. Manoman wajen Talatar Mafara suka rasa gonaki, wasu suka yi shekaru ba noma, diyya ta zama abin jayayya. Da suka gaji suka tare hanyoyi, sai 'yan sanda suka buɗe musu wuta a watan Afrilu 1980, aka yi asarar rayuka masu yawa. Fadamun da ke ƙasa da madatsar kuma suka rage samun ambaliyar da ke shayar da su, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya. Waɗanda ruwan madatsar Goronyo ya tasa, wadda aka gama a 1984, su ma suna da nasu labarin. A wancan zamani babu dokar da ta tilasta a saurari manomi kafin a soma.

Yanzu akwai. Doka mai lamba 86 ta 1992 ta ce babban aiki ba zai soma ba sai an rubuta rahoton illarsa ga ƙasa da ruwa da mutane, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta amince. Akan ajiye rahoton a fili kwanakin aiki 21 domin jama'a su karanta su kawo ƙorafi a rubuce. Rahoton da Turanci yake, ga kauri, sanarwar kuma takan wuce mu muna gona. Kwanakin nan in sun wuce, sun wuce.

Wasu za su ce sake layi yana cin kuɗi, yana kuma jinkirta aiki. Gaskiya ne. Amma rigimar diyya da zaman kotu sun fi jinkirta shi. An kuwa taɓa yi. A jihar Nebraska ta Amurka manoma da makiyaya suka ƙi yarda bututun mai na Keystone XL ya bi ta tuddan yashi inda ruwan shansu yake kusa da sama, a 2011 kamfanin ya yarda ya sake hanya. A nan gida, a 2025 injiniyoyin AKK sun huda ƙarƙashin kogin Kwara sun wuce da bututu mai faɗin inci 40. Wanda ya iya wannan ba zai kāsa kewaye fadama ba.

Ga abin da muke roƙon kowace ƙungiya ta yi bana. Na fari, magatakarda ya buɗe littafi, ya rubuta gonar kowane ɗan ƙungiya, girmanta, iyakokinta, itatuwa da rijiyoyin da ke ciki, hakimi ya sa hannu. Na biyu, a rubuta masu noma ta aro da haya da jingina, da gayaunin mata, gama su aka fi mantawa ran biya. Na uku, a zauna da Fulani makiyaya da masunta a sa burtali da mashaya da maƙabarta cikin zanen gari. Na huɗu, a zaɓi mutum biyu masu karatu su riƙa leƙa sakatariyar ƙaramar hukuma kowane wata, su tambayi ko an kafa wata sanarwa. Na biyar, kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da Hausa a gaban shaidu ba.

In ma'auna sun zo, mu karɓe su da mutunci, mu ba su ruwa, sa'an nan mu kai su wurin uban ƙasa da littafinmu a hannu, mu nuna musu tudun da muka yarda a bi. Sai a kawo wannan magana a taron ƙungiya mai zuwa.